Yadda za ka auna batun Somaliland kafin ka sa baki a gardama, a hanyar ɗan canji

Shekara goma sha bakwai ke nan ina sana'ar canji a Legas, kuma kwana nake a Agege. Wata rana da la'asar wani baƙo, ma'aikacin jirgin ruwan da ya tsaya a Apapa, ya zo mini da daloli. Yana zaro su daga walat sai wata takarda ta maƙale a tsakiyarsu. Na karɓa na murza ta da babban yatsa, na ɗaga ta sama na duba a haske, kamar yadda nake yi wa kowace takarda. Shilin ɗari biyar ce. A fuska ɗaya ginin banki ne, a bayan kuma jirgin ruwa ne a bakin tasha, ga tumaki da awaki ana shirin lodinsu. A sama an rubuta Baanka Somaliland. Bugun mai kyau ne, babu alamar jabu ko kaɗan. Na ce masa ko naira ɗaya ba zan iya ba shi a kanta ba. Ya ce ya sani, a can ne kawai take ci, a kasuwar Hargesa da Berbera. Ya bar mini ita kyauta, na sa ta ƙarƙashin gilashin tebur. Tun daga ranar nake bibiyar labarin wurin nan a rediyo da duk abin da hannuna ya kai gare shi na karatu.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne hayaniyar da ta tashi a majalisarmu bayan ranar 26 ga Disamba, 2025, ranar da Isra'ila ta sanar da cewa ta amince da Somaliland a matsayin ƙasa. Ita ce ta farko cikin ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya da ta yi haka. A wajen mai shayin layinmu wasu suka ce Yahudawa ne suka ƙirƙiro sabuwar ƙasa don su raba Musulmi. Wasu suka ce ai Biyafara ce ta can. Wani matashi ya nuna mana bidiyo a WhatsApp na yaƙin Mogadishu yana cewa ga Somaliland nan. Kowa da zafinsa, amma babu wanda ya iya nuna wurin a taswira. Raina bai so ba, domin maganar ta shafi jinin mutane da yawa, 'yan'uwanmu Musulmi ta kowane ɓangare. Ga yadda nake bi in auna ta, kuma hanyar za ta yi maka aiki a kan duk wani yanki da ka ji yana cewa shi ƙasa ne.

Fara da taswira

Buɗe taswira a wayarka ka nemo ƙahon Afirka. Somalawa ba a ƙasa ɗaya suke ba. Akwai su a Somaliya, da Jibuti, da gabashin Habasha inda Jigjiga take, da arewa maso gabashin Kenya. Tauraro mai tsini biyar da ke tutar Somaliya yankunan Somalawa biyar yake nufi, waɗanda 'yan kishin ƙasa na wancan zamani suka yi burin haɗewa. Somaliland ita ce tsinin arewa maso yamma, tana kallon Yaman ta mashigin tekun Adan. Babban birninta Hargesa, tashar ruwanta Berbera, sai Burao da Borama. Kada ka haɗa ta da Puntland da ke gabas da ita. Puntland tun 1998 take tafiyar da harkokinta, tana kuma yawan saɓawa da Mogadishu, amma ba ta ce ta fita daga Somaliya ba. Wanda bai raba waɗannan biyu ba zai yi ta gardama a kan abin da babu.

Daga nan sai ka riƙe kwanan wata biyu, domin duk rigimar a tsakaninsu take. Arewa Turawan Ingila ne suka mallake ta tun shekarun 1880, kudu kuma Italiya. Ranar 26 ga Yuni, 1960, Ingila ta ba yankinta 'yanci da sunan Somaliland, wata uku da 'yan kwanaki kafin namu na 1 ga Oktoba. Kwana biyar ta yi tana ƙasa mai zaman kanta. Ranar 1 ga Yuli kudu ta sami nata 'yancin, suka haɗe suka zama Jamhuriyar Somaliya. Babu wanda ya tilasta wa 'yan arewa, da ƙafarsu suka tafi, da murna. Amma ba a daɗe ba aka fara ƙorafi: babban birni a kudu, shugaban ƙasa ɗan kudu, firaminista ɗan kudu. A ƙuri'ar raba gardama kan tsarin mulki ta 1961 yawancin waɗanda suka jefa ƙuri'a a arewa a'a suka ce, kuma a watan Disamba na shekarar wasu ƙananan hafsoshin arewa suka yi yunƙurin juyin mulki bai yi nasara ba. In ka riƙe wannan, za ka gane me ya sa mutanen Hargesa ba sa son a ce sun ɓalle. Su cewa suke yi tarayya ce suka shiga, ta lalace, suka janye jarinsu. Mu 'yan kasuwa mun san irin wannan magana, mun kuma san cewa abokin tarayya ba ya yarda da ita cikin sauƙi.

Tambayi abin da ya kore su

Ruwa ba ya tsami banza. Janar Siyad Bare ya ƙwaci mulkin Somaliya a watan Oktoba, 1969. A 1981 wasu 'yan arewa, yawancinsu daga zuriyar Isaaq, suka kafa ƙungiyar tawaye ta SNM a Landan. A 1988 da suka kutsa Burao da Hargesa, gwamnati ta mayar da martanin da har yau mutanen can ba su manta ba. Jiragen yaƙi na tashi daga filin jirgin Hargesa su jefa bama-bamai a kan Hargesa ɗin kanta. Dubun-dubatar mutane suka mutu, dubban ɗaruruwa suka tsere zuwa sansanonin gudun hijira a Habasha, birnin ya zama kufai. Yau a tsakiyar Hargesa akwai jirgin yaƙi ƙirar MiG da aka ɗora a kan gini don tunawa. Bare ya faɗi a Janairun 1991, kuma ranar 18 ga Mayu, 1991, a taron Burao, aka shelanta cewa Somaliland ta koma matsayinta na 1960.

Ka lura da shekarar. Duk wanda ya ce maka wata ƙasar waje ce ta ƙirƙiro Somaliland a 2025, ka tuna masa cewa ta riga ta shekara talatin da huɗu tana wannan iƙirari kafin ranar.

Duba takardar a haske

Ɗan canji tambaya biyu yake yi wa kowace takarda. Ta farko, ta gaske ce? Ta biyu, wa zai karɓa? Ba a haɗa su. Takarda tana iya zama ta gaske amma babu mai karɓa a nan, kamar wadda ke ƙarƙashin gilashina. Haka ƙasa take, kuma yawancin gardamarmu daga cakuɗa tambayoyin nan biyu take tasowa.

Ga ta farko masana doka suna da ma'auni da aka rubuta a yarjejeniyar Montevideo ta 1933: jama'a mazauna, da yanki sananne, da gwamnati, da ikon yin hulɗa da wasu ƙasashe. Ni nakan sauƙaƙa shi zuwa tambayoyin kasuwa. Wa ke karɓar haraji a bakin tasha? Kuɗin wa ake kashewa? In an yi kisa wa ke kama mai laifi, wa ke yanke hukunci? In shugaba ya mutu ko ya faɗi zaɓe, me ke faruwa washegari? A yawancin yankin Somaliland amsar ita ce gwamnatin Hargesa. Tana da sojanta da 'yan sandanta da kotunanta, tana buga fasfo, kuma tun 1994 take da shilin ɗinta.

Amma abin da ya fi kama zuciyata shi ne yadda aka gina wannan, kuma a nan nake so ka daɗe. Bayan shelar 1991 ba zaman lafiya aka samu nan take ba. Mayaƙan da suka kori Bare sun juya wa juna bindiga a kan Berbera da Burao, kowace zuriya da samarinta da makamanta, ga shingaye a hanya. Su kuma zuriyoyin da ba Isaaq ba, kamar Gadabuursi da Issa a yamma, da Dhulbahante da Warsangeli a gabas, suna tsoron ramuwar gayya, domin wasunsu sun kasance a ɓangaren gwamnati lokacin yaƙi. Dattawa ne suka shiga tsakani. Somalawa suna da dokar gargajiya da suke kira heer, wadda ta haɗa da biyan diyya tsakanin dangi da dangi, suna da al'adar zama a inuwar bishiya a yi ta magana har sai an daidaita. Aka yi ta ƙananan taruka gari-gari: a mayar da raƙuman da aka kora, a buɗe rijiya, a fita daga gidan da aka mamaye. Sai da aka share waɗannan ƙananan basussuka sannan aka je babban taro a Borama a farkon 1993, aka kwashe kusan wata huɗu ana zaune. Ba a otal ɗin wata ƙasar waje aka yi shi ba, kuma yawancin kuɗin abinci da masauki daga aljihun mutanen gari da 'yan kasuwa da 'yan'uwansu na ƙetare ya fito. Wanda ke ciyar da taro daga rumbunsa ba ya son a tashi ba sakamako.

A Borama aka zaɓi Muhammad Haji Ibrahim Egal shugaban ƙasa, wanda shi ne ya jagoranci gwamnatin Somaliland ta kwana biyar a 1960, ya kuma yi firaministan Somaliya daga 1967 zuwa 1969. Ya karɓi mulki daga shugaban farko bayan shelar, Abdirahman Ahmed Ali Tuur, ba tare da harbi ba. A nan ne kuma aka mayar da majalisar dattawan gargajiya, Guurti, ta zama sashen gwamnati. Egal ya ranci kuɗi wajen manyan 'yan kasuwa, ya riƙe kuɗin shigar tashar Berbera, ya tattara samarin da ke riƙe da bindiga ya sa su cikin soja ana biyansu albashi. An sake gwabzawa tsakanin 1994 da 1996, aka sake komawa zama a Hargesa har 1997.

Duk wanda ya taɓa zama a fadar Sarkin Hausawa ranar da rikici ya tashi tsakanin yaranmu da 'yan gari ya san wannan aikin. Na taɓa halartar irin zaman nan bayan wata hatsaniya a kasuwa. Tun hantsi ake magana a kan buhun albasa nawa aka zubar da wanda zai biya kuɗin asibitin yaro guda, har aka kira Magariba. Wani matashi ya gaji ya ce, "Baba, a bar maganar albasa a yi maganar zaman lafiya mana." Dattijon da ke jagoranta ya dube shi ya ce, "Yaro, albasar ita ce zaman lafiyar." Da na karanta labarin raƙuma da rijiyoyin da aka daidaita kafin Borama, wannan dattijon na tuna.

Daga nan sai ka ƙirga zaɓuka. Ranar 31 ga Mayu, 2001, aka yi ƙuri'ar raba gardama kan tsarin mulki, kimanin kashi 97 cikin ɗari suka ce e. A watan Mayun 2002 Egal ya rasu a asibiti a Afirka ta Kudu, mataimakinsa Dahir Riyale Kahin ya hau kamar yadda doka ta ce, alhali shi ɗan Gadabuursi ne, ba daga zuriya mafi rinjaye ba. A zaɓen shugaban ƙasa na Afrilun 2003 Riyale ya kayar da Ahmed Silanyo da ƙuri'a 80 kacal, cikin ƙuri'u kusan dubu ɗari biyar. Ƙuri'a tamanin, ba su kai mutanen sahu uku a masallacin Juma'armu ba. Silanyo ya je kotu, kotu ta tabbatar da sakamakon, dattawa suka sa baki, ya haƙura. A 2010 ya sake tsayawa ya ci, Riyale ya miƙa masa mulki. A 2017 Muse Bihi ya ci, a zaɓen da aka yi rajistar masu ƙuri'a da hoton ƙwayar ido. A 2021 jam'iyyun adawa suka kwashe rinjaye a majalisar wakilai. A Nuwamban 2024 Abdirahman Muhammad Abdullahi, wanda ake kira Irro, na jam'iyyar Waddani, ya kayar da shugaba mai ci da kusan kashi 64 cikin ɗari, aka rantsar da shi a Disamba. Mu da muka jira har 2015 kafin mu ga shugaba mai ci ya faɗi zaɓe ya miƙa mulki, mun san nauyin wannan.

Juya bayanta

Ba a karɓar takarda da duba fuska ɗaya. Masu son Somaliland sukan tsaya a inda na tsaya yanzu, kai kada ka tsaya.

Kusan kowane zaɓe sai an ɗage shi. Na 2008 sai 2010 aka yi, na 2015 sai 2017, na 2022 sai 2024, kuma a watan Agustan 2022 an kashe masu zanga-zanga a kan wannan ɗagewar. Majalisar wakilan da aka zaɓa a 2005 ta zauna har 2021. Guurti, mai kujera 82, ita ke ƙara wa shugabanni wa'adi, ita kuma ba a taɓa zaɓenta da ƙuri'ar jama'a ba, in dattijo ya rasu sau da yawa ɗansa ko ɗan'uwansa ke gadar kujerar. Maganin da ya warkar da ciwon 1993 shi ne yanzu ya fara zama ciwo. Tsarin mulki ya ƙayyade jam'iyyu uku kawai don kada kowace zuriya ta kafa tata, amma har yanzu lissafin dangi ne ke tafiyar da ƙuri'a. A zaɓen 2021 ko mace ɗaya ba ta sami kujera ba cikin 82, a ƙasar da ta haifi Edna Adan, ungozomar da ta gina asibitin haihuwa a Hargesa ta kuma riƙe ministar harkokin waje. Ana kuma kama 'yan jarida.

Mafi nauyi shi ne Las Anod. Wannan gari ne na Dhulbahante a gabas, cikin iyakar da Ingila ta shata. A ƙarshen Disamban 2022 aka harbe wani matashin ɗan siyasa, zanga-zanga ta tashi, jami'an tsaro suka buɗe wuta. A Fabrairun 2023 dattawan garin suka ce su ba sa cikin Somaliland, Somaliya suke so. Aka yi watanni ana yaƙi, an yi wa garin luguden wuta, ɗaruruwa suka mutu, fiye da mutum dubu ɗari suka bar gidajensu. A watan Agusta sojan Somaliland suka janye, kuma yanzu yankin yana da gwamnatinsa da Mogadishu ta karɓa. Wannan ya taɓa ma'aunin yanki sananne, ya kuma taɓa hujjar Hargesa a zuciyarta. Wanda ya ce yana da haƙƙin fita saboda an jefa masa bam, me zai ce wa wanda shi ya jefa wa? In kana gardama da mai goyon bayan Somaliland, wannan ce tambayar da ta kamata ka yi masa, cikin ladabi.

Wa zai karɓa?

Yanzu tambaya ta biyu. A nan ka koyi raba abubuwa uku da labarai ke cakuɗawa: ciniki, da ofishi, da amincewa.

Ciniki kowa na yi. Miliyoyin tumaki da awaki na fita ta Berbera zuwa ƙasashen Larabawa, musamman Saudiyya lokacin aikin Hajji, don haka alhazanmu da dama sun yi hadaya da dabbar da ta bi ta tashar da ke bayan takardata. A 2016 kamfanin DP World na Dubai ya ƙulla yarjejeniyar dala miliyan 442 don faɗaɗa tashar da gudanar da ita shekara talatin. Wannan ba amincewa ba ce. Ofishi ma akwai: Habasha da wasu ƙasashe suna da wakilai a Hargesa, kuma a 2020 Somaliland da Taiwan suka buɗe wa juna ofisoshi, abin da ya fusata Sin. Wannan ma ba ita ba ce. Amincewa ita ce gwamnati ta fito a hukumance ta ce ta ɗauke ka ƙasa mai cikakken iko. Ranar 1 ga Janairu, 2024, Abiy Ahmed na Habasha da Muse Bihi suka sa hannu a takardar fahimta: Habasha, wadda ba ta da teku tun da Eritiriya ta fita, za ta sami hayar bakin ruwa, Hargesa kuma ta ce ladanta amincewa ce. Somaliya ta tayar da jijiyar wuya, Turkiyya ta shiga tsakani, a Disamban 2024 Habasha da Somaliya suka daidaita a Ankara, amincewar ba ta zo ba.

Duk sanda ka ji wata ƙasa ta matso, tambayi me take so, kamar yadda kake yi in baƙo ya ba ka farashin da ya fi na kasuwa. Habasha teku take so. Dubai tasha. Isra'ila kuwa, ka dubi taswirar nan kuma: gaɓar Somaliland na fuskantar Yaman, kusa da mashigin Babul Mandab inda jiragen duniya ke bi zuwa Bahar Maliya. Ni kaina sanarwar nan ta yi mini nauyi, saboda abin da idonmu ya gani a Gaza, kuma na san akwai mutanen Somaliland da ita ta yi wa nauyi. Amma nauyin da na ji bai goge 1988 ba, bai goge ƙuri'a 80 ba. Somaliya ta yi tir da sanarwar, haka Tarayyar Afirka, da Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi, da Masar da Turkiyya, kuma Najeriya ta tsaya a kan haɗin kan Somaliya. Amincewar ƙasa ɗaya ba ta kai ka zauren Majalisar Ɗinkin Duniya. Sai Kwamitin Sulhu ya ba da shawara da ƙuri'a tara cikin goma sha biyar, ba tare da ɗaya daga cikin manya biyar ta hau kujerar na-ƙi ba, sannan kashi biyu cikin uku na babban zaure su yarda.

Kada ka ɗauka rashin amincewa magana ce ta tuta da taken ƙasa kawai. A kwamfutarmu ta canji kowane kuɗi yana da lambarsa ta haruffa uku. Shilin ɗin Somaliya yana da tasa, SOS, ko da yake shi ma ba na sayensa don babu mai nema a Legas. Na Somaliland ba ya cikin jerin sam. Gwamnatin Hargesa ba ta iya zuwa Bankin Duniya ko Asusun Lamuni na Duniya ta ci bashi da sunanta. Ɗalibin da ke riƙe da fasfonta ƙasashe kaɗan ne za su buga masa biza a kai. Shi ya sa jama'a suka dogara da dala, da kuɗin da 'yan'uwa ke aikowa ta kamfanoni irin su Dahabshiil, da biyan kuɗi ta waya na Zaad wanda ya fara a 2009. Ita kuwa Somaliya, duk da yaƙin Al-Shabaab, duk da ta haura shekara hamsin tun 1969 ba ta yi zaɓen ƙasa na ƙuri'ar kowa da kowa ba, an yafe mata bashin dala biliyan huɗu da rabi a Disamban 2023, ta shiga Ƙungiyar Gabashin Afirka, ta kuma sami kujera a Kwamitin Sulhu na 2025 da 2026. Ka ga yadda tambayoyin biyu ke rabuwa.

Me ya sa Afirka ta ƙi

A taron Alƙahira na 1964 shugabannin Afirka suka yi alkawarin mutunta iyakokin da kowace ƙasa ta gada ranar 'yancinta. Hargesa na cewa wannan ƙa'ida ita take goya wa baya, tunda iyakar 26 ga Yuni take nema, ba sabuwa ba. Tana kawo misalin Masar da Siriya da suka haɗe a 1958 suka rabu a 1961, da Senegal da Gambiya da suka warware tarayyarsu a 1989. Tawagar da Tarayyar Afirka ta aika a 2005 ma ta rubuta cewa batun Somaliland na daban ne, amma rahoton bai kai ga mataki ba. Mogadishu kuma na cewa haɗewar 1960 ta zama ƙasa ɗaya, ba ɓangare guda ne zai warware ta shi kaɗai ba, Bare ya zalunci kudu ma, kuma ba duk mutanen arewa ne ke son fita ba. Ka iya faɗin hujjar kowanne yadda shi kansa zai yarda ka faɗa daidai, kafin ka zaɓi gefe.

Sai ka dubi biyun da suka yi nasara. Eritiriya a 1993, Sudan ta Kudu ranar 9 ga Yuli, 2011. Dukansu sai da uwar ƙasar ta yarda aka yi ƙuri'ar raba gardama, sannan duniya ta bi. Wannan ita ce ƙofar da Afirka ta saba buɗewa. Hargesa da Mogadishu sun zauna a Ingila a 2012, da Turkiyya a 2013, da Jibuti a 2020 da ƙarshen 2023, ba a kai ga gaɓar ba. A ganina hakkin mutanen da suka gina gidansu da hannunsu shekara talatin ne a saurare su da gaske, kuma hakkin mutanen Las Anod ne a tambaye su su ma. Ba na ganin wata hanya mai ɗorewa in ba ta bi ta teburin nan ba.

Maganar Biyafara kuwa, a Legas muke, maƙwabcin shagonka yana iya zama wanda mahaifinsa ya ga yaƙin 1967 zuwa 1970, don haka ka tauna kafin ka furta. Ƙasashe biyar ne suka amince da Biyafara, Tanzaniya da Gabon da Kwaddibuwa da Zambiya da Haiti, kuma hakan bai sa ta tsaya ba. Somaliland ta tsaya shekara talatin da huɗu ba tare da ko ɗaya ba. Yankin Gabas bai taɓa karɓar 'yanci shi kaɗai daga hannun Turawa ba, Somaliland ta karɓa. Tarihin ba ɗaya ba ne. Amma tsoron da ke zukatan shugabannin Afirka ɗaya ne, kowa na shafa wa gemunsa ruwa, kuma Najeriya na cikin masu wannan tsoro saboda abin da ta ɗanɗana.

In ka zo majalisa, ka nemi mai magana ya gaya maka ranar da abin ya faru da wanda ya faɗa. In bidiyo ne, dubi tutar: ta Somaliya shuɗiya ce da farin tauraro, ta Somaliland kore da fari da ja ce, da kalmar shahada a sama da baƙin tauraro a tsakiya. Wannan kaɗai ya isa ya kashe rabin bidiyoyin da ake turowa.

Makon jiya yaron shagona yana goge gilashin tebur sai ya tsaya a kan takardar.

"Oga, yanzu da aka amince da su, nawa za mu saye ta?"

Na ce ya buɗe kwamfuta ya nemo lambarta. Ya yi ta gangarawa daga sama har ƙasa, ya dawo ya sake bi a hankali.

"Babu, Oga."

Na ce ya ɗaga gilashin ya share ƙurar da ta shiga gefenta, ya mayar da ita da tumakin a sama.